Yadda Ake Samun Amincewar Hukumar Muhalli Kafin Inganta Bututun Zubar Da Ruwan Ƙazanta Cikin Teku

Tambayar da injiniyoyi da ma'aikatan hukumomin ruwa suka fi maimaitawa ita ce: bututunmu ya tsufa, ko ya yi wa gari kaɗan, muna so mu tsawaita shi ko mu canja bakinsa, to daga ina za mu fara neman izini? Amsar a taƙaice ita ce daga cikin teku. Mafi yawan ayyukan da suke maƙalewa a teburin hukuma an kammala zanensu ne tun kafin a auna ruwan da za a zuba ƙazantar a ciki, daga baya aka koma neman hujjar da za ta dace da zanen. Ga matakan bi da bi, yadda kowanne zai ɗora a kan na gabansa.

1. Ku fara duba lafiyar tsohon bututun

Kafin ku rubuta wa kowace hukuma, ku san abin da ke kwance a ƙasan ruwa. A tura masu nutso ko na'urar ɗaukar hoto mai tafiya ƙarƙashin ruwa su bi bututun daga gaɓa har ƙarshe. Abin da ake nema shi ne mahaɗin da ya saki, wurin da rairayi ya zare a ƙarƙashin bututu ya bar shi a rataye, tubalan siminti masu danne shi da suka goce, da ramukan fesawa na ƙarshen bututu, inda ruwan ke fita cikin teku, waɗanda laka ko halittun ruwa suka toshe. A zuba rini marar guba daga matata, wato wurin tace ruwan ƙazantar gari, a ga ko zai ɓullo a wani wuri kafin ƙarshen bututu. Sannan a kwatanta matsin ruwa na yau da wanda aka rubuta lokacin da bututun yake sabo. Idan matsin ya hau alhali yawan ruwa bai ƙaru ba, akwai laka ko iska ko ruwan gishiri a ciki.

Ku haɗa da bayanan matata na aƙalla shekara uku: yawan ruwan da ke fita kullum, mafi yawansa a lokacin ruwan sama, da sakamakon gwajin ingancinsa.

Hattara: kada ku dogara da zanen da aka yi gini da shi shekaru arba'in baya. Sau da yawa inda bututun yake a yau ya bambanta da inda takarda ta ce. Tsohon bututu kuma yana iya fashewa ana tsakiyar neman izini. A watan Fabrairun 1992 bututun Point Loma na birnin San Diyego a Amurka ya ɓalle kusa da gaɓa, aka rufe wuraren wanka, gyaran ya ci kusan wata biyu.

2. Ku gano zurfin binciken da doka ta ɗora muku

Kusan kowace ƙasa tana da mataki biyu ko uku: aikin da aka yafe masa bincike, wanda ake yi wa taƙaitaccen bincike, da wanda dole a yi masa cikakken rahoton tasiri ga muhalli. Canja bakunan fesawa kaɗai, ba tare da ƙara yawan ruwa ko taɓa ƙasan teku ba, yakan tsaya a taƙaitaccen bincike. Da zarar za a tsawaita bututu, a yashe ƙasan teku, a canja wurin zubarwa ko a ƙara yawan ruwa, ku sa a ranku cikakke za a nema.

A Amurka, dokar NEPA, wato dokar binciken tasirin ayyuka ga muhalli, ce ke aiki idan akwai kuɗi ko izinin gwamnatin tarayya, kuma gyaran da aka yi mata a 2023 ya sa wa'adin shekara ɗaya ga taƙaitaccen bincike, shekara biyu ga cikakke. A Tarayyar Turai, matatar da ke iya tace ƙazantar da ta wuce ta mutum 150,000 dole ne a yi mata cikakken bincike. Idan Bankin Duniya ko makamancinsa ne zai ba da rance, nasa ƙa'idojin za su hau kan na ƙasa, ba za su maye gurbinsu ba. Idan kuma ruwan zai iya tsallakawa zuwa gaɓar maƙwabciyar ƙasa, ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar Espoo ta 1991 sai sun sanar da ita.

Amincewa da rahoton muhalli ba ita ce kaɗai takardar da kuke buƙata ba. Ku jera sauran tun yanzu: lasisin zubar da ruwa, izinin gini da yashe ƙasan teku, hayar filin ƙasan teku daga gwamnati, amincewar hukumar kula da gaɓa, ta jiragen ruwa, ta kamun kifi, da ta kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. A gaban kowace, ku rubuta wadda take jira kafin ta fito. Wannan jerin shi ke nuna ainihin tsawon tafiyar.

Hattara: kada ku yayyanka aikin gida-gida don kowane yanki ya tsere wa cikakken bincike. Kotuna sun san wannan dabara, kuma tana iya rusa izinin gaba ɗaya bayan an kashe kuɗi.

3. Ku zauna da hukuma a tsayar da iyakar bincike

Ku nemi zama da ma'aikatan da za su karanta rahoton, ku je da taswira da zaɓi uku ko huɗu, ba zane guda ba. Ku fito da amsa a rubuce kan abubuwa biyar: ma'aunin ingancin ruwa da za a yi muku hukunci da shi, faɗin yankin gauraya da za a yarda da shi a kewayen bakin bututu, wato inda ruwan matata ke surkuwa da na teku, manhajar lissafin da hukumar ta amince da ita, tsawon lokacin awon teku, da shekarar da za a yi hasashen yawan ruwa zuwa gare ta. Alkawarin baki yakan tafi da ma'aikacin da ya yi shi ranar da aka canja masa wurin aiki.

4. Ku auna teku shekara guda cur

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan aka fi yin rowa. Teku ba ya zama iri ɗaya duk shekara. A lokacin zafi ruwan sama-sama yana ɗumi ya yi sauƙi, na ƙasa ya yi sanyi da nauyi, sai teku ya kasu hawa-hawa. Ruwan matata kusan ruwan daɗi ne, nauyinsa wajen kilo 1,000 a kowace kubik mita, na teku kuwa wajen 1,025, don haka da ya fito sai ya tashi sama kamar hayaƙi. Idan teku ya kasu hawa-hawa, wannan hayaƙin yakan tsaya a tsakiya ya bazu a can. Idan guguwa ko sanyi sun gauraya ruwan, sai ya fito har saman teku, iska ta kora shi inda ta ga dama. Wanda ya auna wata uku kawai ya ga fuska ɗaya ce, hukuma kuwa za ta tambayi ɗayar.

Abubuwan da ake aunawa:

Kwararar ruwa. Ana dasa na'urar ADCP a ƙasan teku inda bakin bututu zai kasance, da wata tsakanin nan da gaɓa. Tana auna gudu da alƙiblar ruwa a kowane zurfi, yawanci duk minti goma zuwa ashirin. A riƙa ɗago ta duk wata ɗaya zuwa uku don sauke bayanai, canja batir da kankare abin da ya manne mata.

Zafi da gishiri. Ana sauke na'urar CTD daga jirgi aƙalla sau ɗaya a wata, an fi so kuma a kafa igiya mai na'urorin auna zafi daga ƙasa zuwa sama don a ga yadda hawa-hawan ke canjawa cikin yini.

Ingancin ruwa. Iskar oksijin, naitirojin, fosfaras, gurɓacewar launi, da ƙwayoyin cuta masu nuna alamar bahaya, musamman enterokokai, domin sun fi jure ruwan gishiri.

Ƙasan teku. Taswirar zurfi, samfurin laka don gwajin ƙarafa masu guba, da ƙidayar ƙananan halittun da ke cikinta. A kowace tasha a ɗebi samfuri uku zuwa biyar. Samfuri ɗaya ba ya nuna komai a lissafi.

Wurare masu rauni. Murjani, ciyawar teku, inda kifi ke ƙyanƙyasa, inda ake kiwon halittun ruwa masu ɓawo da mutane ke ci, wuraren wanka, da bakin famfon masana'antar tace ruwan teku idan akwai.

Hattara: ku kafa tashoshin kwatance nesa da bututu, masu zurfi da irin laka ɗaya da wurin aikin. In babu su, duk wani canji da za a gani bayan gini a kanku za a ɗora shi, ko da yanayi ne ya kawo. Ku kuma ɗebi samfuri a bakin koguna da magudanan da ke kusa, don ƙazantar da ke bakin teku bayan ruwan sama sau da yawa daga can take. Samfurin ƙwayoyin cuta a ajiye shi cikin ƙanƙara a kai ɗakin gwaji cikin 'yan awanni. Wanda ya kwana a jirgi ya zama shara. Kuma ku sanar da masunta inda na'urori suke, ku sa tuta, domin raga ɗaya tana iya tafiya da bayanan wata uku.

5. Ku yi lissafin surkuwa

Lissafin kashi biyu ne. Na farko na kusa da bakin bututu, inda ƙarfin fesawa da tashin ruwan ke surka shi da na teku cikin mintuna kaɗan. Manhajojin da aka fi amfani da su su ne CORMIX, Visual Plumes da VISJET. Bututu mai zurfi da aka tsara da kyau yakan ba da surkin kashi ɗaya cikin ɗari ko fiye. Na biyu na nesa ne, inda kwararar teku ke ɗaukar ruwan na awanni da kwanaki. Nan ake amfani da irin su Delft3D ko MIKE 3, kuma sai an daidaita su da awon da kuka yi a mataki na 4 kafin a yarda da abin da suka ce.

Hukuma ba matsakaicin rana take tambaya ba. Ku gwada mafi munin haɗuwa: ruwa mafi yawa daga matata, kwarara mafi rauni, teku ya kasu hawa-hawa sosai, sannan akasin haka, ba hawa-hawa, iska tana kaɗawa zuwa gaɓa. Ku ƙara da ranar da matata ta lalace ko aka ɗauke wuta.

Ga misali da ƙagaggun lambobi don a ga yadda abin ke tafiya. A ce ruwan da ba a kashe wa ƙwayoyin cuta ba yana ɗauke da 10,000,000 a kowace mililita 100. Surkin farko ya mayar da su 100,000. Gaɓa tana da nisan kilomita 2, ruwa yana tafiya mita 0.2 a daƙiƙa, wato zai isa cikin kusan awa uku. Idan da rana ne, kuma kashi 90 cikin ɗari na ƙwayoyin suna mutuwa duk awa ɗaya da rabi, abin da zai isa gaɓa wajen 1,400 ne, kafin a cire ƙarin surkin hanya. Idan da dare ne, ba hasken rana, mutuwar kashi 90 ɗin tana ɗaukar awa 20, to sama da 70,000 ne za su isa. Bututu ɗaya, nisa ɗaya, bambancin ya ninka hamsin. Shi ya sa lokacin mutuwar ƙwayoyin, wanda ake kira T90, ya kamata a auna shi a wurin, dare da rana, maimakon a kwafo na wata ƙasa.

Ma'aunin da za a kwatanta da shi ya danganta da ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana sa ruwan wanka a aji mafi kyau idan enterokokai bai wuce 40 a mililita 100 ba. Dokar ruwan wanka ta Tarayyar Turai ta 2006 ta sa 100 ga aji mafi kyau a gaɓar teku, 200 ga mai bi masa. Ku kula, waɗannan ana lissafa su ne kan kashi 95 cikin ɗari na samfura, ba matsakaici ba. Haɗa lambar wani tsari da hanyar lissafin wani kuskure ne da ake yawan gani.

Hattara kan zanen bakin fesawa: jimillar filin bakin ramuka dole ta gaza filin cikin bututun kansa, in ba haka ba na kusa za su kwashe ruwan, na ƙarshe su sha ruwan teku. Lambar Froude ta kowane rami, wato ma'aunin da ke nuna ko gudun ruwan da ke fita ya isa ya hana ruwan teku shigowa, ta haura 1 ko a lokacin da ruwa ya fi ƙaranci, wato tsakar dare a shekarun farko. Bututun da aka gina don yawan jama'ar shekara talatin gaba yakan yi girma da yawa a farkon rayuwarsa, ruwan gishiri ya shige shi, laka ta kwanta. Maganinsa a rufe wasu ramuka a buɗe su daga baya, ko a sa musu bakin roba mai kama da bakin agwagwa wanda ke buɗewa idan ruwa ya turo, ya rufe idan ya tsaya. Ku rubuta wannan a rahoton, don masu dubawa suna nemansa.

6. Ku kwatanta zaɓi da gaske

Rahoto dole ya nuna barin abu yadda yake, gyaran tsohon bututu, tsawaitawa, sabon wuri, ƙara matakin tacewa a matata, da sake amfani da ruwan a noma ko masana'antu. Tsayin bututu da zurfin tacewa suna musayar nauyi, amma da iyaka. Surki yana rage ƙwayoyin cuta da ammoniya. Ba ya ɓatar da ƙarfe mai guba da ke taruwa a laka, ko maiƙo da robobi da ke tasowa sama. Waɗannan a matata ake tare su, ko a masana'antar da ta zubo su.

Birane sun bi hanyoyi mabambanta. Sidni a Ostireliya ta buɗe bututu uku masu zurfi a 1990 da 1991, wuraren wanka suka gyaru ƙwarai, amma muhawara kan matakin tacewa ba ta mutu ba. Boston ta haɗa biyun: tacewa mataki na biyu da rami mai tsawon kusan kilomita 15 da aka buɗe a watan Satumban 2000, mai bakunan fesawa 55. Jihar Fulorida kuwa a 2008 ta yi dokar daina amfani da bututan kudu maso gabashinta na yau da kullum zuwa ƙarshen 2025, ta karkata ga sake amfani da ruwan. Ku duba inda dokar ƙasarku ta dosa kafin ku binne kuɗin shekara hamsin a ƙasan teku.

Hattara: zaɓin da aka kawo don a yi watsi da shi cikin layi biyu ana gane shi. Kowanne a ba shi kuɗin gini, kuɗin gudanarwa da sakamakon lissafi iri ɗaya.

7. Tasirin lokacin gini

Wannan babi daban ne daga na zubar da ruwa, kuma shi ake yawan rubutawa da gaggawa. Ku bayyana yadda za a ratsa gaɓa: tona rami a buɗe ya fi araha amma yana tayar da laka yana lalata ciyawar teku, huda ƙasa daga tudu a ɓullo bayan inda igiyar ruwa ke karyewa ya fi tsada amma yana barin gaɓa lafiya, sai dai lakar huda tana iya ɓallewa ta fito, don haka a tanadi shirin tare ta. Ku faɗi yawan lakar da za a yashe, sakamakon gwajinta, da inda za a zubar. Ku sa iyakar gurɓacewar ruwa da za a dakatar da aiki idan an kai, watannin da ba za a yi aiki ba saboda ƙyanƙyasar kifi ko kunkurun teku, da mai sa ido kan manyan dabbobin teku lokacin buga turaku.

Tambayar da dole ku amsa: ina ruwan gari zai tafi a kwanakin da ake haɗa sabon bututu da tsoho? Idan za a karkatar da shi ta gajeren bututu, wannan ma yana buƙatar izini da sanarwa.

Hattara: aikin ƙarshe na buɗe bututu yana da haɗari na gaske. A watan Yulin 1999 ma'aikata biyu sun rasu a cikin ramin Boston lokacin cire marufan bakunan fesawa, sakamakon matsalar iskar numfashi. Yadda za a buɗe bututu lafiya a tsara shi tun a zane, kada a bar wa ɗan kwangila a ƙarshe.

8. Ku saurari jama'a da wuri

Doka takan ba da kwana 30 zuwa 60 na karɓar ra'ayi kan daftarin rahoto. A Tarayyar Turai bai gaza 30 ba. Amma wanda ya fara ganin masunta da masu otal da ƙungiyoyin muhalli a wannan lokacin ya makara. Ku same su tun a mataki na 3. Masunta sun san inda ruwa ke juyawa da watan da ƙazanta ke dawowa gaɓa, kuma wannan sani yana gyara inda za ku dasa na'urori. Ku nuna taswira mai launi ta inda ruwan ke zuwa a rana mai kyau da rana mafi muni. Kowane ƙorafi a ba shi lamba da amsa a rubuce, tare da shafin da aka gyara saboda shi.

9. Miƙa rahoto, lokaci da kuɗi

Kafin miƙawa, ku ba ƙwararren da ba ya cikin aikin ya duba lissafin. Ku tabbata yawan ruwa, tsawon bututu da adadin ramuka iri ɗaya ne a rahoton, a zane, da a takardar neman lasisi. Saɓanin lamba ɗaya yana iya mayar da fayil baya da watanni. Ku haɗa da ɗanyen bayanan awo da fayilolin manhaja.

Daga zaman farko zuwa izinin ƙarshe, babban aiki yakan ci shekara biyu zuwa huɗu, shekara guda daga ciki awon teku ne wanda ba ya gajartuwa. Kuɗin binciken yawanci bai cika wuce kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin babban aiki ba, ko da yake a ƙaramin aiki kason yakan fi haka. Hayar jirgi da ma'aikatansa ce ke cinye mafi yawa, sai ɗakin gwaji, sai lissafin nesa. Ku ware kuɗin kwanakin da teku zai hana fita, da na maye gurbin na'ura ɗaya da za ta ɓata, da na zagaye ɗaya na ƙarin tambayoyin hukuma, don da wuya a tsallake shi.

10. Sharuɗɗan izini da sa ido

Ku nemi ganin daftarin sharuɗɗa kafin a sa hannu, ku zauna da masu gudanar da matata ku bi su layi-layi. Sharaɗin da na'urar ɗakin gwaji ba ta iya aunawa, ko wanda ke buƙatar fita teku a watan da jirgi ba ya iya fita, zai mayar da ku masu karya doka tun shekarar farko. A gyara shi yanzu ya fi sauƙi.

Shirin sa ido ya ƙunshi tashoshi iri ɗaya da na mataki na 4, da hanyar gwaji iri ɗaya. A shekarar farko a sake zuba rini a auna ainihin surkin, a kwatanta da abin da manhaja ta yi hasashe. A kafa lamba biyu ga kowane ma'auni, ta gargaɗi da ta ɗaukar mataki, kamar yadda aka yi a izinin Boston, kuma a rubuta wanda za a kira da abin da za a yi idan an kai kowace. A duba bututun da kyamara aƙalla sau ɗaya a shekara da bayan kowace babbar guguwa, a kuma tabbatar an sa shi a taswirar jiragen ruwa don kada anga ta kama shi. Lasisin zubar da ruwa yana da wa'adi, a Amurka shekara biyar ne, kuma ana neman sabuntawa kwana 180 kafin ya ƙare. Ku sa ranar a kalandar matata tun ranar da aka ba ku shi.